Sharhina kan layin wutar da aka ja wa obin, firiza da hita a gidana

Wata biyar ke nan da gama aikin. Da gangan na yi shiru har zafin Afrilu da Mayu ya bi ta kansa, lokacin da komai na gidan ke kunne dare da rana, don aikin wuta ba a yabonsa ranar da aka ɗaure soket.

Ina yin kek da cincin na sayarwa a gida, a nan Kano, ina kuma da firiza biyu na ƙanƙara da zoɓo. Bara na sayi murhun lantarki mai haɗe da obin, na jona shi a soket ɗin kicin da muka tarar a gidan, wanda butar dafa ruwa da firiza ɗaya ke sha daga layinsa. Sati uku ana lafiya. Sai na fara jin wani ƙauri kamar ana ƙona leda duk sa'ad da obin ya yi minti ashirin yana aiki. Ranar da na taɓa fuskar soket ɗin na ji ta kamar bayan dutsen guga, ranar na ce wa maigida ko a kira mai gyara ko in koma gawayi.

Wanda aka kawo mana saurayi ne, ya yi makarantar koyon sana'a, kowa Injiniya yake ce masa. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sukuddireba ba sai da ya ja murhun ya karanta ɗan ƙarfen da ke manne a bayansa. Wat 5,500. Ya ce, "Hajiya, wannan soket ɗin naki amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Wutarmu bolt 230 ce, in kin ninka su bai wuce wat dubu uku ba. Kin ɗora wa jaki kayan raƙumi." Da ya kwance soket ɗin, robar wayar ta narke ta manne da akwatin. Ya kankare bakin wayar da wuƙa ya nuna mini: jan ƙarfen a sama kawai yake kamar fenti, cikinta fari ne, alminiyom. Wanda ya yi wa gidan wayarin tun farko, Allah ya yafe masa, ita ya bi bango da ita. A akwatin rarraba wuta kuma wani ya taɓa cire fis ya ɗaure wurin da waya mai kauri don ya huta da yankewa.

A nan ne na koyi abin da ya fi kome amfani a wannan hidima. Ni a da ina zaton bireka, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa, kayan wuta yake karewa. Ashe wayar cikin bango yake gadi. Kowace waya da iyakar abin da za ta ɗauka gwargwadon kaurinta, bireka kuma aikinsa ya yanke wuta kafin ta yi zafin da za ta kama. In aka sa babban bireka a kan siririyar waya, an sa mai gadi ne an ce masa ya yi barci.

Tsarin da ya rubuto mana a takarda shi ne kowane babban kaya ya samu layinsa shi kaɗai tun daga akwati. Murhu ya samu waya mai kaurin milimita 6, da bireka mai amfiya 32, da babban makunnin bango mai jan madanni na amfiya 45, ba fulogi ko ɗaya, wayar kai tsaye ta shiga bayan murhun. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ya ba ta milimita 4 da bireka mai 20. Na yi masa gardama a nan, don na ga abin da take ja bai kai na murhu ko kusa ba. Ya ce lokacin tashin kwamfuresa, wato injin da ke cikinta, take fizgar wuta ninkin-ba-ninkin, in kuma wuta ta zo da rauni kamar yadda take mana da yamma, injin ƙara ja yake yi ya yi zafi. Hitar banɗaki ta samu makunni mai amfiya 20 da ke yanke wayoyi biyun gaba ɗaya, a wajen ƙofa, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. Firiza biyun layi ɗaya suka raba na milimita 2.5, ba abin da ya haɗa su da sauran kicin.

Sayen kaya tare da maigida suka shiga Sabon Gari. Injiniya ya nace sai wayar gida, irin su Coleman ko Cutix, ya ce jan ƙarfensu cikakke ne, kuma ko a shagon sai da ya kankare bakin kowane nadi ya duba. Kuɗin waya kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da muka kashe. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Mutum ya zuba kuɗin da ya isa ya sayi buhunan fulawa, a binne a bango, ba mai gani balle ya ce an yi kyau.

Sai wayar ƙasa. Gidan ashe ba shi da ita kwata-kwata, ramin sama na kowane soket hoto ne. Ya haƙa rami a bayan gida kusa da magudanar ruwa inda ƙasa ba ta bushewa ƙurmus da rani, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya ja koriyar waya zuwa akwati. Ya kuma ƙara wani makunni da ke faɗuwa da zarar wuta ta fara zurarewa, ko da miliamfiya 30 ce. Wannan makunnin ne ya haɗa ni faɗa da Injiniya. Kwana biyu da gama aiki, ina kunna hita sai wutar ɓangaren ta ɗauke. Na kira shi rai a ɓace na ce abin da ya sa mana ba shi da kyau. Ya zo da na'urar awonsa, ya cire ƙarfen dumama ruwan hitar, ga shi ya tsage, tsatsa ta ci shi. Shekara guda yara na cewa famfon wanka yana ɗan jan su in suka taɓa, ni kuwa ina cewa sanyi ne ke sa su raki. Jikina ya yi sanyi ranar. Na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai Hajiya, aikinsa ya yi."

Wani abin da ban yi tunaninsa ba shi ya tuna: janareta. Namu ƙarami ne, ba zai ɗauki murhu ba ko da wasa. Ya ware layin murhu da na hita ta yadda in aka juya zuwa janareta ba sa samun wuta sam, firiza da fitilu da fanka kawai ke tashi. Yanzu ko yarinyar da ke taya ni aiki ta manta obin a kunne, injin ba ya shaƙewa ya mutu.

To, inda bai kyauta ba. Ya ce kwana uku, aka yi takwas, biyu daga ciki ko wayarsa ba a samu. Sassaƙar bango ta cika gidan da ƙura har cikin kwanukan da ke rufe a kabad, bai ce mu kwashe kaya ba sai da aka fara. Filastar da yaronsa ya mayar kuwa kamar an liƙa tuwo, sai da muka kira magini daban, ga kuɗin fenti da ba ya cikin lissafi. Kuma ya tafi bai rubuta wa kowane bireka sunansa ba. Ni da maigida muka yi ta kashewa ɗaya bayan ɗaya, ina kicin ina ƙwala masa kira, muka manna takarda da salatif. Duk mai shirin irin wannan aikin ya sa waɗannan a cikin ciniki tun farko, a rubuce.

Wata ƙawata ta tambaye ni ko kuɗin wuta ya ragu. Bai ragu ba, kada wani mai gyara ya yi miki wannan alkawarin. Mita abin da kaya suka ja take ƙirgawa. Tun da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowa ya san obin ba abin wasa ba ne, sai dai in tara odar kwana biyu in gasa a zama ɗaya.

Abin da ya canja shi ne, a satin ƙaramar Sallah na yi awa shida obin bai huta ba, firiza biyu na aiki, ɗakin maigida na sanyi. Can cikin dare na je na ɗora tafin hannuna a kan makunnin murhun, na bi bangon da wayar ta bi har bakin ƙofa, ban ji ɗumi ko kaɗan ba. Lambar Injiniya na ba mutum uku zuwa yanzu, kowacce kuma na gaya mata ta nemi magininta daban.