GeoGebra da ƙa'idojin da'ira: abin da na gani bayan amfani da ita

Markus Hohenwarter ne ya fara ƙirƙirar manhajar GeoGebra a shekarar 2001, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Salzburg da ke ƙasar Ostiriya. Kyauta ce ga ɗalibai da malamai, tana kuma aiki a kwamfuta da wayar hannu. Na gwada ta ne a kan darasi guda, wato ƙa'idojin lissafin da'ira, domin shi ne darasin da ɗalibai da yawa suke haddacewa ba tare da sun fahimci ma'anarsa ba.

Idan aka rubuta x² + y² = 25, nan take manhajar za ta zana da'ira mai radiyos 5, wato nisa daga cibiyarta zuwa bakinta. Amma ƙarfinta yana bayyana ne idan aka rubuta (x − a)² + (y − b)² = r², domin tana ba kowane harafi ɗan maɓallin da ake ja da yatsa. Da an ja na a, da'irar za ta matsa dama ko hagu. Da an ja na b, ta hau ko ta sauka. Na r kuwa shi ke buɗa ta ko ya tsuke ta. A nan ne mai koyo yake gani da idonsa cewa (a, b) ita ce cibiyar da'irar, kuma ƙa'idar gaba ɗaya ba komai ba ce illa ta Fitagoras (wadda ke danganta tsawon gefuna uku na alwatika mai kusurwa digiri 90), tunda kowane ɗigo a bakin da'irar nisansa ɗaya ne daga cibiya. Wannan, a ganina, ya fi bayanin allo na awa guda tasiri.

Na kuma saka x² + y² − 4x − 6y − 12 = 0, sai ta fitar da da'ira mai cibiya a (2, 3) da radiyos 5. Tsawon kewayenta, 2πr, ya kama kusan 31.42, girman filinta kuma, πr², kusan 78.54.

Sai dai wanda ya karɓi wannan cibiya daga zane kawai bai koyi yadda ake juya dogon lissafin zuwa (x − 2)² + (y − 3)² = 25 ba, alhali wannan ne ake tambaya a jarrabawa. Saboda haka shawarata ita ce ɗalibi ya fara warware aikin a takarda, sannan ya buɗe GeoGebra ya duba ko zanen ya yi daidai da amsarsa.