Gargaɗi ga sababbin matuƙan helikwafta: an damfare ni Naira 2,400,000 da sunan aiki a Fatakwal

Naira 2,400,000. Kwana huɗu ke nan ina maimaita adadin nan, ko sallah na tayar sai ya faɗo mini a rai. Wani mutum da ke kiran kansa kyaftin ne ya karɓe su, a kan zai sama mini gurbin mataimakin matuƙi a wani kamfanin helikwafta da ke jigilar ma'aikatan mai daga Fatakwal zuwa rijiyoyin cikin teku. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sunansu aka ara aka yanka ni da shi.

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne ya ja ni, ya tsaya ya ji. Na gama karatu a Afirka ta Kudu da awa 168 na tuƙi a littafin awoyina, kusan duka a Robinson R22, ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, sai 'yan awoyi a R44. Na dawo na mayar da lasisina na Najeriya a NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta ƙasa. Daga nan duk inda na kai takarda tambayar ɗaya ce: awa nawa gare ka? Ba aiki sai da awoyi, awoyin kuma ba sa samuwa sai da aiki. Jiragen da ke shiga teku irin su AW139 da S-76 inji biyu gare su, ba a ba ka kujera sai ka yi taif retin, wato horo na musamman a kan wannan samfurin, kuɗinsa kuwa da dala ake maganarsa. Wata 14 ina zaune a gida. Takardar lafiyata ta aji ɗaya, mai shekara ɗaya, ta mutu na sabunta ta da kuɗin Yayata, ban ɗaga jirgi ko sau ɗaya ba a tsakani. Baba filaye biyu ya sayar a kan karatun nan. A wannan halin mutumin ya same ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da farko ƙi na ya yi. Wallahi ƙi na ya yi. A wani zauren WhatsApp na matuƙa ya ga na yi tambaya, ya biyo ni gefe ya ce in turo hoton shafin ƙarshe na littafin awoyina. Ya tambayi awoyin dare, ya tambayi awoyin da na yi a matsayin shugaban jirgi, ya tambaya ko retin ɗina na tuƙi da na'ura, wato izinin tuƙi da dogaro ga na'urorin jirgi idan ba a ganin waje, yana raye. Sai ya ce, "Ƙanina, awoyinka sun yi kaɗan, ba zan yaudare ka ba. Ka ci gaba da addu'a." Ya yi shiru kwana uku. Wane ɗan damfara ne ke korar wanda zai cuta? Wannan "ba zan yaudare ka ba" ita ce ta kashe ni. Na saurari saƙon muryar nan ya fi sau 20 tun da na dawo, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, babu. Da ya sake kira a rana ta huɗu ya ce wani yaro ya faɗi gwajin lafiya, gurbi ɗaya ya buɗe, ni na riƙa yi masa godiya, ina cewa Allah ya saka da alheri, Kyaftin.

Farko 350,000, na horon kuɓuta a ƙarƙashin ruwa. Horon gaskiya ne, kowa a harkar ya sani, ana ɗaure ka a kujera cikin akwatin da ya yi kama da jirgi, a nutsa shi a ruwa a kife shi, ka koyi ɓalle taga ka fita. Don haka ban yi shakka ba. Sai 850,000, wai na kama lokaci a na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasar waje da kuɗin biza. A'a, tsaya, wannan ce ta ƙarshe. Ta tsakiya ita ce babbar, 1,200,000, wai kafin alƙalami na yarjejeniyar horo, za a mayar mini bayan wata shida da kama aiki. Kafin ita ma sai da aka yi mini intabiyu ta bidiyo, mutum biyu, ɗaya ya ce kyamararsa ta lalace. Sun tambaye ni abin da zan yi idan inji ya mutu a sama, sun tambaye ni kan yanayi da iska. Minti 40 muka yi. Ku faɗa mini, wa zai zauna minti 40 ana yi masa tambayoyin da malaminsa ya saba yi masa, ya ce ƙarya ce?

350,000, da 1,200,000, da 850,000. Ta tsakiyar sarƙar gwal ɗin Umma ce. Ita ta ciro ta daga ƙasan akwati, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ce, "Je ka sayar, idan ka fara albashi ka saya mini wadda ta fi ta."

Na tambaya fa. Kada a ce ban tambaya ba. Da na ga asusun sunan mutum ne ba na kamfani ba, na ce, "Kyaftin, ya na ga sunan wani?" Ya ce akantan sashen horo ne, idan aka bi asusun kamfani sai an yi mako biyu kafin kuɗin ya fito, gurbin kuma ranar Juma'a za a rufe. Ya ƙara da cewa idan hankalina bai kwanta ba in bari, akwai wani yaro a Legas da ke jira. Na tura cikin minti goma.

Ranar Lahadi na hau motar dare zuwa Fatakwal da farar riga a goge cikin leda, da takardar ɗaukar aiki mai tambarin kamfani. Litinin ƙarfe 7 ina bakin ƙofa. Mai gadi ya duba jerin baƙi sama da ƙasa, babu sunana. Na kira Kyaftin, a kashe. Alhali daren Asabar mun yi waya har yana ce mini in zo da fasfo huɗu. Can wata mata daga ofishin ma'aikata ta fito, ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa a kan adireshin imel ɗin. Harafi ɗaya aka ƙara a sunan kamfanin. Harafi ɗaya. Ni da aka koya wa bin jerin dubawa layi-layi kafin in taɓa makunnin inji, ban gan shi ba, don ranar da takardar ta zo hawaye ne a idona. Ta ce ba su da kyaftin mai wannan suna, kuma ba sa karɓar ko sisi daga mai neman aiki. Idan sun ɗauke ka su ke biyan horon, kai kuma ka sa hannu za ka yi musu aiki na wasu shekaru. Na tsaya a gefen titi da ledar rigar a hannu har rana ta take.

Hoton da ke kan lambarsa, na mutum da kaki a gaban jirgi, ashe daga shafin wani matuƙi ya sato shi.

Komai yana hannuna: rasit uku, saƙonnin murya, takardar bogin, lambobinsa biyu. Na kai ƙara banki, na rubuta wa EFCC, gobe in Allah ya kai mu zan saka hotunan hirarmu duka bayan na rufe sunayen waɗanda ba ruwansu. Duk wanda ya ce ku biya kuɗi kafin kujerar jirgi, kada ku tura. Ku je ofishin da ƙafarku, ku karanta imel harafi-harafi.

Idan akwai wanda mutumin nan ya taɓa, mai cewa "ƙanina" a farkon kowace magana, ya neme ni mu haɗa ƙara. Baba har yanzu yana zaton ina Fatakwal ina horo, ni kuwa ina ɗakin abokina a Kaduna. Ɗazu Umma ta kira tana tambaya ko sun ba ni masauki mai kyau. Na ce mata eh. Naira 2,400,000. Allah ya isa tsakanina da shi.