Gwajin maganaɗisun laka a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna

Muna da lambu a gefen Kogin Kaduna, ƙasa da inda magudanan ruwan unguwannin masana'antu na Kakuri da Makera ke zubowa, kuma an daɗe ana muhawara a tsakaninmu kan ko lakar da ambaliya ke bar mana a kwamai tana da lafiya. Da rani ya kama, na ɗebi laka a wurare uku, wato wajen Malali, da ƙarƙashin babbar gada, da kuma bakin lambunmu, na kai wani ɗakin gwaje-gwaje da ke auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa.

Hikimar gwajin ita ce, hayaƙin motoci da ƙonawar masana'antu da ɓarɓashin ƙarfe suna barin ƙananan ƙwayoyin baƙin ma'adinin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, kuma sau da yawa dalma da tutiya sukan taru a inda waɗannan ƙwayoyi suka taru. Na'urar da suke aiki da ita ta kamfanin Bartington ce ta Ingila, mai ɗauke da ma'auni samfurin MS2B, wanda ke auna ƙasa sau biyu, da ƙarfin maganaɗisu mai jujjuyawa sau 465 cikin daƙiƙa, sannan da mai jujjuyawa sau 4,650 cikin daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ke nuna ko maganaɗisun ya fito ne daga ƙwayoyi masu matuƙar laushi da ƙasa ke samarwa da kanta, ko daga manyan ƙwayoyi irin na ƙonawa.

Tsabtar aikinsu ta burge ni. Ma'aikacin ya shanya lakar a inuwa, ya tankaɗe ta, ya cika 'yan robobi masu cin mililita 10, sannan kafin ya matso kusa da na'urar sai da ya cire agogonsa, ya ajiye makullansa can bakin taga. Kowace roba ba ta ɗauki minti guda ba, kuma bai zuba wa ƙasar wani sinadari ba, har ma an maido mini da ita.

Lakar bakin lambunmu ce ta fi ƙarfin maganaɗisu, tazarar awonta kuma ƙarama, abin da ke nuni ga gurɓata. Sai dai takardar sakamakon lambobi ce zalla babu bayani, kuma sai da na matsa da tambaya aka faɗa mini cewa dalma kanta maganaɗisu ba ya jan ta, don haka gwajin ba zai ambaci sunan ƙarfen da ke ciki ko yawansa ba. Ban da haka, duwatsun da ke ƙarƙashin Kaduna su ma suna iya ɗaga awon, shi ya sa lakar Malali, wadda ke sama da inda magudanan nan ke zubowa, ta zama ma'aunin kwatanci, alhali ba wanda ya ce mini in kawo ta tun farko.

Yanzu robar bakin lambu kaɗai zan biya wa gwajin sinadarai mai tsada, maimakon duka ukun.