Thunderbird ya fitar da ni kunya, mai gyara kuma Allah ya isa

Ni ba mutumin kwamfuta ba ne, kargo nake yi daga Jidda zuwa Kano, to akwai wani kamfani da ba sa turo mana takardun kuɗi sai a kulle da S/MIME, wani tsarin kulle imel, sai kana da satifiket da makullinka na sirri za ka iya karantawa. Shekara biyu ina buɗewa lafiya lau ban ma san abin da ke gudana a ciki ba, sai laftop ɗina ya ƙi tashi ana gab da azumi, na kai wa wani mai gyara a Hindawiyya, bawan Allahn nan ko tambayata bai yi ba ya yi masa fomatin. Na dawo gida na duba imel, kowace wasiƙa wayam, sai wani fayil wai smime.p7m yana kallona.

Da sauri na sayi sabon satifiket, ashe asarar riyal kawai na yi. Tsofaffin wasiƙun da tsohon aka kulle su, babu mai buɗe su sai makullin da ya tafi da fomatin, masu sayarwar kuma suka ce su ba sa ajiye makullin kowa. Wallahi daren nan ban runtsa ba, lissafin kwantena uku na ciki.

Ɗan yayata da ke karatu a Madina ne ya ce, "Kawu, ba ka taɓa ajiye wani fayil mai .p12 ko .pfx ba?" Na zazzage jakar da nake ajiye fasfo da igama sai ga wani tsohon filash, ga fayil ɗin a ciki, ashe kwafin tsohon satifiket da makullina ne. Ya sa na sauke Thunderbird, wata manhajar imel, kyauta ne ko halala ban biya ba, muka shiga saitin akawun wajen satifiket na S/MIME muka shigo da shi, ya nemi kalmar sirri, sai a karo na uku na tuna ta. Ina danna wasiƙar farko rubutu ya bayyana tar! Abin da ya fi ba ni mamaki satifiket ɗin ya daɗe da ƙarewa amma ya buɗe, wai ƙarewar sabon aiki take hanawa, tsohon kulli yana buɗuwa muddin makullin na nan.

Sai dai fa raina ya ɗan sosu da na gane kan wasiƙa, wato taken da ake sa mata, ba ya kulluwa a tsarin nan, shi ya sa nake ganinsa ko lokacin da komai ke rufe, ga 'yan kamfanin can suna rubuta lambar kwantena da sunan mai kaya a wajen, to ina sirrin? Manhajar dai tauraro biyar na ba ta. Shi kuwa mai gyara na koma na yi masa bayani, ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alesh ya hajji, riyal 150 ɗina kuma har yau bai dawo da ko ɗaya ba.