Kafin ka sayi situfar felet, ga abin da mu masu gyara muke gani

Assalamu alaikum 'yan uwa na Brescia da Vicenza da Modena da duk inda sanyin arewacin Italiya ya riske ku. Da zarar Oktoba ta kama wayata ba ta hutawa, kuma tambayar ɗaya ce, Malam kuɗin gas ya ishe ni wace situfa zan saya. Aikina kenan, sabis da gyaran situfar felet, wato murhun ɗumama ɗaki mai ƙona felet, ba na sayarwa kuma babu kamfanin da yake ba ni kamasho, shi ya sa zan faɗi abin da hannuna yake taɓawa kullum a cikin gidajen mutane.

Ga wanda bai santa ba, felet garin katako ne da aka matse ya zama 'yan guntayen sanduna masu kaurin milimita 6, ana sayar da shi a buhu mai kilo 15. Kana zubawa a tankin da ke bayan situfar, wani ƙarfe mai murɗi da muke kira kokliya yana turo shi kaɗan kaɗan cikin kaskon wuta, kandeleta wato 'yar sandar da lantarki yake zafafawa ta yi zafi ta kunna shi, fanka ɗaya ta ja hayaƙi waje ɗaya kuma ta huro maka ɗumi cikin ɗaki, sai sikeda wato allon lantarkin da yake ba kowa umarni. Ba ta aiki sai da wutar lantarki, wannan ka sani tun yanzu.

Iri uku za ka tarar a shago. Akwai ta iska zalla wadda Italiyawa suke ce wa ad aria, akwai canalizzata mai tura zafi ta bututu zuwa wasu ɗakunan, akwai idro mai dafa ruwa ta aika wa radiyetocin gida.

Ni dai ta iska nake so kuma ita nake ce wa kowa ya saya, mai ƙarfin kilowat 6 zuwa 9, ƙirar kamfanonin nan na Italiya irin su MCZ da Palazzetti da Edilkamin da Extraflame da Ravelli, ba don sunan ba, don kowannensu yana da cibiyar gyara ta hukuma a yawancin larduna kuma kayan gyaransu suna samuwa. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ba ta ɓoye komai, ka kwance sukurori kaɗan ka cire murfin gefe ga komai nan a gabanka, ga kandeleta ga motar kokliya ga fankar hayaƙi, hannunka yana isa ko'ina ba sai ka janyo ta daga bango ka wargaza rabin falo ba. Abin da ya fi mutuwa a cikinta kandeleta ce, alamar kuwa sai ka ga felet ya cika kasko ya tsaya babu wuta babu hayaƙi sannan ta yi ƙara ta rubuta cewa kunnawa ta gaza, to a irin wannan situfar canjin aikin ɗan lokaci ne, ka zare tsohuwa ka zura sabuwa ka haɗa wayoyi biyu shi kenan yara sun koma ɗumi. In ka samu mai kandeletar seramik ta fi saurin kamawa, in ba ka samu ba ta ƙarfen ma lafiya lau take.

Sannan lissafinta a fili yake. Kilo ɗaya na felet mai kyau yana ɗauke da zafin da ya kusa kilowat-awa 5, situfa mai kilowat 8 ko an buɗe ta har ƙarshe ba ta cin kilo 2 a awa, kuma ba wanda yake barinta a ƙarshe yini guda. Don Allah kar ka ce bari in sayi babba mai kilowat 12 ko 13 don ta fi ƙarfi alhali falonka ƙarami ne, abin da zai faru shi ne za ta yi ta zama a mataki na ƙasa, wutar ba ta ci sosai, gilashi ya yi baƙi ƙirin, toka mai danƙo ta like hanyar hayaƙi, kai kuma ka zo kana cewa situfar ba ta da kyau. Wadda ta yi daidai da ɗakin ita ce take ƙonewa da tsabta.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan zaɓina, ka nemi wadda aka rubuta stagna a takardarta, ma'ana a rufe take ruf tana shan iskar ƙonawa daga waje ta bututu ba daga ɗakinka ba. Da yawanmu gidajenmu ƙanana ne, wani ɗaki ɗaya ne nan kwana nan girki, kuma ƙa'idar girkawa ta UNI 10683 ba ta yarda a sa situfa a ɗakin kwana ko a gida mai ɗaki ɗaya ba sai irin wannan rufaffiyar. Ta ɗan fi tsada amma ni ko gidan ƙanwata ita na sa.

Canalizzata kuwa ƙarin fanka ne da ƙarin ƙara da ƙarin abin lalacewa, kuma ɗakin ƙarshe ba ya samun abin da mai shago ya yi alkawari. Idro ba ta ɗan haya ba ce, aikin famfo ne sukutum, in gidan ba naka ba ne ka manta da ita.

Yanzu ga wadda take ci min rai, situfar araha marar asali da ake jibgewa a manyan shaguna ko a intanet da suna wanda ba ka taɓa ji ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wani Janairu aka kira ni gidan wani ɗan uwa, na shiga na tarar da yara uku sanye da jaket a cikin falo, uwargida ta kunna oben ta bar ƙofarsa a buɗe don su ɗan ji ɗumi, situfar kuma ga ta nan sabuwa fil shekararta ta biyu, sikeda ce ta ƙone. Na kira shagon suka ce su sayarwa kawai suke yi, na nemi wanda ya shigo da ita aka ce ya daina kawo wannan samfurin, na samo wata sikedar da za ta iya shiga amma babu wanda yake da lambobin saitinta, wato daƙiƙa nawa kokliya za ta juya da gudun fankar hayaƙi a kowane mataki, kuma ba a yin wannan da ka don ran mutane ne a ɗakin. Wallahi ranar na fita gidan zuciyata a ɓace, mutumin nan ya tara kuɗinsa da guminsa a masana'anta ga shi ƙarfe ne kawai a jingine. Kamar ka sayi babur ne wanda babu kayan gyaransa a kasuwa, ranar da ya tsaya ya tsaya kenan. Tun daga nan tambayata ta farko ga duk wanda ya nuna min hoton situfa ita ce, wa zai gyara ta kuma kilomita nawa ne tsakaninku. Kafin ka biya ka buɗe shafin kamfanin ka nemo cibiyar gyara ta lardinka ka buga musu waya ka ji ko suna ɗagawa, ka tambaye su kuɗin kandeleta da na sikeda na wannan samfurin, in suka fara kame-kame ka mayar da kuɗinka aljihu.

Ta hannu ma ana saya, amma ka duba taurarinta. Tun dokar DM 186 ta 2017 ana ba situfa taurari daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsabtar hayaƙinta, kuma a Lombardia da maƙwabtanta na kwarin kogin Po ba a yarda ka girka ƙasa da mai taurari 4 ba, a wani yankin ma yanzu sai mai 5, to tsohuwar da wani yake neman rabuwa da ita a Facebook sau da yawa dalilin kenan. Ka ce a ba ka takardar shaidar taurarin a hannu, in da hali ka ɗauki mai 5. Wanda kuma yake musanya tsohon murhun itace ya tambayi tallafin Conto Termico na hukumar GSE, ana mayar da wani kaso na kuɗin amma sai takardunka sun cika.

To amma jama'a duk kyan situfa felet ne yake kashe ta ko ya raya ta, kuma a nan ne 'yan damfara suka yi sansani. A 2022 bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke buhun da muke saye wajen yuro 5 ya haura yuro 10, nan fa shafukan bogi suka cika intanet, hoto mai kyau, tambarin kamfani na sata, farashi rabin na kasuwa, su ce ka tura kuɗin bankale guda wato jibgin buhuna a kan katako ta banki ko ka loda musu a kati mota tana zuwa jibi, motar da har yau ba ta iso ba. Har yanzu suna nan, duk kaka sai sun dawo da sabon suna. Kar ka tura wa kowa kuɗin felet gaba ɗaya in ba ka san shagonsa da ƙafarka ba, ka sayi buhu biyu ko uku tukuna ka ƙona ka gani.

Sai na jabu wanda shi yana isowa amma gara bai iso ba. Felet na ƙwarai shi ne mai shaidar ENplus A1, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari, damshinsa ba ya wuce kashi 10, A2 kuma tokarsa tana kaiwa 1.2, kuma a Lombardia A1 doka ta ce a ƙona a situfar gida. Matsalar ita ce kowa yana iya buga tambari a leda. Tambarin gaske yana tare da lamba a ƙarƙashinsa, haruffa biyu na ƙasa kamar IT ko AT sannan lambobi uku, ka shiga shafin ENplus ka rubuta lambar ka ga ko sunan kamfanin da ya fito shi ne a jikin buhun, a Italiya ƙungiyar AIEL ce take kula da wannan shaidar, kuma jami'an Guardia di Finanza wato 'yan sandan harkar kuɗi sun sha kama tarin buhuna masu tambarin ƙarya. In buhu ya ce A1 kawai babu lamba babu sunan mai yi babu adireshi, ajiye shi. Ka ɗaga buhun ka dubi gindinsa, in gari ya taru da yawa zai toshe kokliya. Ka buɗe ka shinshina, ƙamshin katako ya kamata ka ji, in ka ji warin gam ko fenti to da ragowar katakon kujeru da kabad aka yi shi kuma wannan hayaƙin guba ne. Launi ba ya nuna komai, akwai fari marar kyau akwai mai duhu mai kyau. Shaidar ƙarshe tana cikin kasko, in da safe ka tarar da wani dunƙule mai tauri kamar dutse ya toshe ramukan iska, felet ɗin ne, ba situfar ba.

Na ukunsu kuma su ne suka fi ba ni tsoro, masu girkawa na bogi. Mutum ya zo da diril da tsani ya ce zai yi maka a rabin kuɗi, ya huda bango ya fito da guntun bututu waje ya ce an gama. Fitar da hayaƙi ta bango haramun ne a ƙa'ida, dole bututun ya hau har saman rufi, don ranar da wuta ta ɗauke fanka ta tsaya tsayin bututun ne kaɗai zai ci gaba da jan hayaƙin waje, in babu shi cikin ɗaki zai dawo. Wanda yake da rajista zai ba ka takarda mai suna dichiarazione di conformità bisa dokar DM 37 ta 2008, in babu ita garanti yana iya faɗuwa, inshora ta juya maka baya, in gobara ta tashi kuma kai za a riƙe. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida a rubuce kafin ya sayi komai.

A wajen gyara ma akwai su. Cikin situfa akwai wata 'yar na'ura mai ɗan siririn tiyo da muke kira firesostato, aikinta ta kashe wutar in hanyar hayaƙi ta toshe. Sau da yawa ina buɗe murfi in tarar wani ya cire wayoyinta biyu ya haɗe su da juna ya naɗe da salatif don ƙarar ta daina damun mai gida, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bututun kuma yana nan a toshe. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne da ran iyali, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana iya sa mutum barcin da ba zai farka ba. Duk gidan da ke da situfa ya sayi na'urar da take ƙara in ta ji wannan iskar, ba ta da tsada, kuma ina roƙonku da girman Allah in situfa ta lalace kar a shigo da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kusan duk hunturu sai an ji labarin baƙi 'yan uwanmu da aka kwasa zuwa asibiti ta wannan hanyar.

Sabis na gaskiya sau ɗaya ne a shekara kuma ka tsaya a kansa ka gani. Zai buɗe hanyoyin hayaƙi na ciki ya goge, ya ciro fankar hayaƙi ya wanke fukafukanta, ya buɗe murfin da ke ƙasan bututu mai siffar T ya zubar da tokar da ta taru, ya share bututun har sama, ya canza igiyar bakin ƙofa in ta mutu, ya duba tiyon firesostato, ya kunna ta a gabanka sannan ya rubuta maka takarda da sa hannu. Wanda ya zo ya zuƙe tokar kasko kawai ya danna maɓalli ya goge rubutun sabis daga allo bai yi komai ba, wannan kai ma kana yi da injin zuƙar toka, kuma sai tokar ta huce sarai. Ka kira mai sabis a Mayu ko Yuni lokacin da muke da sarari, a Nuwamba layi ne mai tsawo, kuma in za ka kashe ta don bazara ka kwashe felet ɗin da ya rage a tanki har na cikin kokliya, don damshi yana kumbura shi ya cushe ta.