YouGlish: wata uku ina sauraron yadda ake ɗora "in", "on" da "at"

Manyan kalmomin Turanci ba su taɓa tayar min da hankali ba, in na ci karo da ɗaya na buɗe ƙamus, magana ta ƙare. Masu kayar da ni su ne 'yan mitsi-mitsin nan: "in", "on", "at", "by". Mu "a" ɗinmu guda ɗaya tana ɗaukar kaya da yawa: a gida, a mota, a ranar Litinin, a watan Yuni. Bature kuwa kowanne da tasa: "at home", "in the car", "on Monday", "in June". Wani akwai dalili, wani kuma haka aka taras.

Abin da ya sa na tashi tsaye, wata rana na rubuta wa shugabana a wurin aiki cewa zan aiko da rahoto "until Friday". Nufina kafin Juma'a ta wuce. Ya dawo min da saƙon, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, ya rubuta "by" a gefe. Ashe abin da na faɗa ya fi kama da zan yi ta aikowa har zuwa Juma'a. Kunya ta ishe ni. Wata abokiyar aikina ce ta nuna min YouGlish a wayarta.

Shafin intanet ne, kuma aikinsa ɗaya tak. Ka rubuta kalma ko guntun jimla, shi kuma ya zaƙulo maka bidiyoyin YouTube inda wani ya furta ta, ya kai ka daidai wurin. A ƙasa rubutun maganar yana tafiya, an haskaka abin da ka nema. Ka gama da wannan, ka danna ka wuce na gaba. In mai magana ya cika sauri akwai wurin rage masa gudu. Ana kuma iya zaɓar bakin da ake so, kamar na Amurka, na Birtaniya ko na Ostareliya.

Wannan zaɓin shi ya fi burge ni. Na daɗe ina ɗauka "on the weekend" kuskure ne, domin "at the weekend" aka koya min. Da na saurari bakin Amurka sai na ji "on" ɗin a kai a kai, na koma Birtaniya na tarar da "at" ɗina yana nan daram. Haka "in hospital" na mutanen Ingila, wanda Ba'amurke zai ce "in the hospital". Shekara da shekaru ina gyara wa mutane abin da ba su yi kuskurensa ba, Allah ya yafe min.

Inda na fi daɗewa shi ne kan "on time" da "in time". Na karanta bayaninsu ya fi a ƙirga, bai zauna ba. Da na saurari mutum wajen ashirin a jere sai kunnena ya fara rarrabewa da kansa. Masu cewa "on time" duk maganar jirgi ce, ko taro, ko biyan kuɗi, abin da aka yanka wa lokaci kuma ya zo daidai. Masu cewa "in time" kuwa akwai ɗan tsallake rijiya da baya a maganarsu: an isa kafin a rufe ƙofa, an kai marar lafiya kafin abu ya ɓaci. Da wannan dabarar na raba "at the end" da "in the end", na kuma daina cewa "married with" a wurin "married to".

Sai dai a san abin da za a tarar. YouGlish ba malami ba ne, ba zai zaunar da kai ya ce ga dalilin da ake cewa "on the bus" amma "in the car" ba. Zuba maka misalai yake yi, kai ka tsamo ƙa'idar. Kuma jerin haruffa yake bi, ba ma'ana ba, don haka in ka nemi "in time" zai haɗo maka da "back in time" da "point in time", sai ka tsince. Yawancin abin da na ci karo da shi laccoci ne da hirarraki, ba hirar tsakar gida ba. Tunda kuma bidiyo ne, yana shan data.

Wanda bai fara Turanci ba tukuna, ban ga abin da zai ƙaru da shi a nan ba. Na wanda ya iya ne amma yake tuntuɓe. Ni yadda nake yi, guntu ɗaya a rana, bidiyo goma, in maimaita da bakina, sannan in rubuta jimla biyu tawa a ɗan littafi. Satin nan ina kan "by mistake" da "on purpose", kuma har jiya sai da bakina ya suɓuce na ce "by purpose".