Na gwada tsarin biyan kuɗin wuta mai canzawa awa-awa

Wata shida kenan da na koma wannan tsarin, wato ba a yanke maka farashi ɗaya, yadda farashin wuta ya kama a kasuwar sari haka za ka biya. Gaskiya ya burge ni amma fa akwai magana.

Manhajar kamfanin wutar tana nuna farashin gobe tun yau. Daren da iska ke kaɗawa sosai sai ka ga farashin ya faɗo warwas, ni kuma in saita injin wanki ƙarfe biyun dare in yi kwanciyata. Dalili kuwa injin da ke samar da wuta daga iska ba ya shan gas ba ya shan kwal, wutarsa ake fara saye sai ta ture masu tsada gefe. Wani lokacin har ƙasa da sifili farashin ke sauka, a Jamus awa 457 aka yi a haka cikin 2024, iska da rana sun yi wa kasuwa yawa.

To ranar da iska ta ɗauke fa? Nan ake yin ta. A Jamus ɗin dai, 12 ga Disamba 2024 ba iska ba rana, megawat ɗaya na awa guda sai da ya kai yuro 936. Irin wannan ranar ko ruwan zafi sai na leƙa waya kafin in kunna hita.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙasan bil ɗin, kuɗin layi da na daidaita wuta, waɗannan ko gezau, iska ta kaɗa ko kar ta kaɗa. Da na bi diddigi sai na gane nan tsadar take ɓuya, dole a ajiye tashoshin gas suna zaman jiran ko-ta-kwana kuma ba kyauta suke zaman ba, ga sabbin layuka da za a ja daga inda iskar take zuwa inda mutane suke. A Birtaniya ma har biyan masu injinan iska na Sikotland ake su kashe saboda layin ba zai iya kwaso wutar zuwa kudu ba, sannan a sake biyan tashar gas a kudun ta kunna, biya biyu kenan kuma a bil ɗin jama'a yake ƙarewa.

Mai motar lantarki ko batir a gida shi zai more sosai. Ni da ba ni da ko ɗaya tauraro uku na ba su, ragin da na samu kusan duk na injin wanki ne.